Ƙayar da Ta Shiga Firojek ɗin Ƙawata

Shekarun baya, muna ajin ƙarshe a sashen kwamfuta na wata makaranta a nan Mubi, wani abu ya faru da har yau in na tuna sai in ji kaina ya ɗan ƙara girma. Ku da kuke karanta rubutuna kun san halina. In mutum ya rubuto min "daki" a madadin "ɗaki", sai na gyara masa kafin in amsa gaisuwarsa. Wasunku sun sha tambayata ko biyana ake yi. Ba a biyana ko sisi. Amma yau zan ba ku labarin lokacin da wannan ciwon nawa ya yi rana.

Mahaifina ne ya ɗora min ciwon. Tela ne, iyayensa daga ƙasar Katsina suka zo, shi kuma a Mubi ya buɗi ido. Fulatanci zar a bakinsa, yana taɓa yaren Gude, amma Hausarsa bai yarda kowa ya taɓa masa ita ba. Ina ƙarama yakan zaunar da ni gefen keken ɗinki ya miƙo min tsohuwar jaridar Hausa da wani ya naɗo yadi a ciki, ya ce in karanta da ƙarfi. Duk inda na haɗiye ƙugiyar harafi, na ce "k" a wurin "ƙ" ko "d" a wurin "ɗ", sai ya ƙwanƙwasa almakashi a kan tebur, ba tare da ya ɗago kai ba. Da haka na girma. A makaranta suka sa min suna Malama Ƙugiya, kuma abin haushi, ko sunan ma "Kugiya" suke faɗa.

Ƙawata ce ta fi kowa kirana da shi. 'Yar Michika ce, 'yar manomi, mai ƙoƙari ta gaske, mai dariya kamar ba ta da matsala a duniya. Hausarta irin ta Mubi ce, wadda kowa da komai namiji ne a cikinta. "Mamana ya zo." "Mota ya tafi." Ni kuma "kawa" take ce min. Na dame ta har sai da ta bar ni na sa mata madannan rubutun Hausa a laftof ɗinta, masu ba da haruffa masu ƙugiya. Ta yi godiya, ta ce za ta gwada, ni kuwa ban taɓa ganin ta yi amfani da su ba.

Firojek ɗinta na ƙarshe ya fi nawa kyau, wannan ba na musu. Manhaja ta rubuta da yaren kwamfuta na Java, mai tura saƙon waya ga manoma da makiyaya, ta sanar da su ranar allurar shanu ko lokacin da ya kamata a duba waken da aka adana. Ta yi wata da watanni tana zirga-zirga zuwa ƙauyen Digil tana gwadawa da mutanen can. Kuma ita wannan shekarar ba kamar tamu ba ce. Ta riga ta rasa shekara guda tana jinyar mahaifiyarta, 'yan ajinta na asali duk sun fita. Ta faɗa min tun farkon zango, ba da wasa ba, cewa in ba ta fita bana ba, ta gama da karatu, gona za ta koma. Mahaifinta kuwa har ya sanar a cocinsu cewa za a yi godiya bayan ta kare firojek.

Ana saura 'yan kwanaki malamin da aka gayyato daga wata makaranta ya zo a yi kariyar firojek a gabansa, ta je Digil gwaji na ƙarshe. A hanyar dawowa aka yi ruwa, mayo, wato rafin da ke hanyar, ya kawo, mai keken da ya ɗauko su ya ƙi tsallakawa, suka sauka su taka da ƙafa. Santsi ya kwashe ta, jakar ta nutse. Ita ta fito lafiya da ƙujewa a gwiwa. Laftof ɗin ce ba ta fito lafiya ba. Mai gyara ya buɗe, ya busar, ya girgiza kai, ya ce ko abin da ke cikinta ba za a iya cirowa ba.

Da safe ta same ni a gida, idanu sun kumbura. "Kawa, laftof na ya mutu," ta ce. Sai ta ɗaga makullan ɗakinta, filas, ɗan abin nan da ake kwafe fayil a ciki, na lilo a jiki. "Amma firojek yana nan. Na kwafa shekaranjiya."

Na ce to ai alhamdulillahi, kukan me kike yi? Na ɗauko tawa laftof ɗin, muka nufi shagon Baba a bakin kasuwa, saboda shi yana da janareto don keken surfani, kuma ba ya hana ni jona caja. Muka zauna a benci a bayan tulin yadi, muka kwafe folda, na danna a harhaɗa.

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba aikinsu ba ne. Abin da mai rubuta manhaja ya rubuta, kod, ba ya tashi haka kawai. Sai na'ura ta karanta shi ta harhaɗa, shi ne muke cewa kompayil. Kuma ba wanda yake rubuta komai da kansa. Akwai kod da wasu suka riga suka rubuta suka ɗaure a fayil, ana ce masa laburare, kai naka ka ɗauko ka yi amfani da shi. Da Baba ya tambaye ni daga baya, cewa na yi kamar zif da maɓalli ne: shi ke ɗinka riga, amma ba shi ke ƙera zif ba. Sai dai dole ka faɗa wa na'urar takamaiman inda ka ajiye su, in ba haka ba ba za ta je nema da kanta ba.

To, na danna. Allo ya cika da ja. Layi bayan layi yana gangarowa, kuskure a kan kuskure, kamar ba zai tsaya ba. Ƙawata ta dafe kai ta ce ruwan ya shiga filas ɗin ma.

A nan na fara jin kaina. Wani malaminmu ya sha gaya mana cewa in ja ya yi yawa, kada ka karanta na ƙasa, koma na farko. Na koma sama. Na farkon cewa yake yi bai san wani ƙunshi mai magana da modem ba, wato 'yar na'urar da ke tura saƙon. Na biyu, bai san mai magana da rumbun bayanai ba. Sauran duka 'ya'yan waɗannan biyun ne. Na ce mata, "Kod ɗinki lafiyarsa ƙalau. Laburare ne babu. Ina kika ajiye su?"

Ta ce a hankali, "A wani folda daban. A kan C. Sunansa kaya."

"Kin kwafe shi a filas?"

Ta girgiza kai. Kayan suna can a kan C, babban ma'ajin laftof ɗin da ta sha ruwan mayo.

Nemo su ya ci mana wuni guda da rabin wani. Na rumbun bayanai bai ba mu wahala ba, mun sauko da shi da datar wayata, ina ɗaga wayar ta taga kamar mai kiran kaji. Na modem ɗin ne ya ba mu ruwa. Wanda ke intanet sabo ne, an canja sunayen abubuwa a cikinsa, ita kuma da tsohon ta yi aiki, wanda ta karɓa hannun wani da ya riga ya gama ya tafi bautar ƙasa. Muka kira wani abokin karatunmu, ɗan Wuro Patuji, wanda duk ajin in abu ya gagara shi ake nema. Allah Ya saka masa da alheri, ya bar nasa aikin ya bi ɗakunan 'yan aji yana tambaya, har ya samo tsohon a wata kwamfuta da ake kallon fim da ita. Ya kawo mana shago da kansa.

Muka ƙirƙiri folda a kan C, muka sa mata suna kaya, muka zuba fayilolin a ciki. Muka buɗe fayil ɗin gini, wato ɗan fayil ɗin da ke gaya wa na'ura inda za ta samu komai in za ta harhaɗa, muka duba adireshin da ƙawata ta rubuta a ciki tun farkon aikin. Ga shi nan: C, kaya, sunan fayil. Daidai da abin da muka yi. Ƙawata har ta fara murmushi. Na danna.

Ja ɗin nan dai, bai ragu da ko layi ɗaya ba.

Abin da ke ba da haushi da wannan na'urar shi ne, in ka ba ta adireshin da babu shi, ba ta cewa "ban ga foldar ba". Shiru take yi ta wuce, sai can ta ce ba ta san ƙunshin ba. Mu kuwa muna ganin folda da idonmu, muna ganin adireshi da idonmu. Abokin namu ya duba sunayen fayilolin harafi bayan harafi. Ya cire Java ya sake sakawa. Ya gwada a tasa laftof ɗin, ja. Muka kashe muka kunna, abin da kowa ke yi in dabara ta ƙare. Da la'asar ta yi, ya share gumi ya ce shi shawararsa ta haɗa hotunan allo daga cikin rahotonta ta nuna wa malamin, ta ba shi labarin mayo, wataƙila ya tausaya. Dukkanmu mun san ba a ba da maki a kan manhajar da ba ta tashi ba, shi ma ya sani. Ya ba mu haƙuri ya tafi, don shi ma nasa na jiransa.

Ƙawata ta fara naɗe cajarta. "Bar shi, kawa," ta ce. "Ka yi kokari. Zan kira babana in gaya masa kada su dafa komai."

Wannan maganar ta soke ni. Ba kuka take yi ba, kuma da kukan ta yi da ya fi min sauƙi. Na ji haushin na'urar, na ji haushin mayo, na ji haushin kaina da duk surutun da nake yi a aji ga shi na kasa tayar da aikin mutum ɗaya.

Baba duk wannan lokacin yana kan kekensa, bai sa mana baki ba. Da ya ga tana haɗa jaka sai ya tsayar da ƙafa. "'Yata, tun jiya nake ganinku kamar masu zaman makoki. Me ya ɓata ne?"

Ƙawata tana jin nauyin Baba ƙwarai. Ta san labarin almakashi, don haka duk lokacin da za ta yi masa magana sai ta gyara zama ta gyara harshe, ta yi ƙoƙarin yin Hausar da take ganin ita ce ta asali. Ta rusuna ta ce, da ƙarfinta, har maƙogwaronta na motsi, "Baba, ƙaya ne ya ɓata. Mun samo ƙayan, amma kwamfuta ya ƙi gani."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ƙaya kuma? In ƙaya ta ɓata ai murna ake yi, 'yata. Ƙaya ita ce mai sukar ƙafa. Kaya kike nufi."

"Au," ta ce. "Ba shi ke da kugiya ba? Na zata duk Hausa mai kyau da kugiya ake rubutawa."

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Tsaya. Ranar da kika ƙirƙiri foldar nan a tsohuwar laftof, da waɗanne madannai kika rubuta sunan?"

Ta ɗan yi tunani. "Da naka mana. Lokacin ka sa min sabo-sabo. Na ce bari in rubuta daidai ko ka bar ni in huta."

Na jawo laftof ɗin. Na buɗe fayil ɗin gini, na danna neman kalma, na rubuta k, a, y, a, na ce nemo. Na'ura ta ce ba ta samu ba. Ga kalmar a tsakiyar allo muna kallonta, ga na'ura tana rantsuwa babu ita. Na ƙara girman rubutun, na ƙara, na ƙara, har harafin farko ya kusa kai tsawon yatsana. Sai ga ta nan a samansa, 'yar lanƙwasa ƙarama kamar bakin allurar da ta tanƙware. A ƙaramin rubutu, a kan allona mai dishi-dishi, mu uku mun wuni muna kallonta ba mu gan ta ba.

A tsohuwar laftof sunan foldar ƙaya ne, adireshin ma ƙaya ne, shi ya sa komai ya tafi lafiya wata da watanni. Mu kuma mun zo mun gina kaya, na'ura tana can tana neman ƙaya.

Na goge harafin na sa "k" mara ƙugiya. Ni, Malama Ƙugiya, da hannuna na cire ƙugiya, kuma ban taɓa jin daɗin cire wani abu kamar ranar ba. Na danna. Allo ya ɗan yi jim, fankar laftof ta yi kuka, sai layi ɗaya ya fito a ƙasa, kore, cewa an gama gini lafiya.

Ƙawata ta kalli allon, ta kalle ni, ta sake kallon allon. Sai ta zauna daɓas a kan tulin yadin mutane ta rufe fuska da gyalena, a nan ne kukan ya zo. Baba ya ce ta yi a hankali, shaddar ango ce.

Da ta lafa ta ce mu tafi haka, kada mu sake taɓa komai. Na ce a'a. Wannan shi ne wurin da na fi alfahari da shi a duk labarin, ko da yake ba shi ne mai daɗin bayarwa ba. Na ce mata ƙugiya ta kama mu, gaskiya ne, amma ba ita ce asalin ciwon ba. Asalin ciwon shi ne kayan suna zaune a wani wuri, aikin yana wani wuri. Duk ranar da aka ɗauki aikin zuwa wata kwamfuta, za a sake barin su a baya. Ta yi ta roƙona in bari, tana cewa abin da ya tashi ba a tsokanarsa. Na yi kunnen uwar shegu da ita. Na buɗe sabuwar folda a cikin firojek ɗin kansa, na kwashe laburaren duka na zuba a ciki, na gyara adireshin ya daina ambaton C, ya koma cewa "duba nan kusa da kai". Na goge wadda muka yi a kan C gaba ɗaya, tana kallo tana salati irin nasu. Na harhaɗa, kore. Washegari muka bi kwamfutocin 'yan aji da filas, duk inda muka soka sai ya tashi.

Ranar kariya ina zaune a baya, nawa ya riga ya wuce. Malamin da aka gayyato dattijo ne mara yawan magana. Da aka zo kanta, ta fara jona laftof ɗina da na ara mata, sai ya ɗaga hannu. Ya ce ya gaji da ganin manhajar da ba ta aiki sai a kwamfutar mai ita. Ya turo tasa ya ce ta kawo filas ta harhaɗa a nan, a gabansa. Na ga wasu 'yan ajin sun sunkuyar da kai. Ƙawata ta waiwayo ta neme ni da ido, ni kuwa na harɗe hannu na jingina da kujera kamar wadda ta gina makarantar.

Ta soka filas, ta danna, kore. Ta jona modem, ta nemi lambarsa, ta tura. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya karanta da ƙarfi cewa ana sanar da shi ya kawo shanunsa allura ranar kasuwa. Ya ce shi ba shi da ko akuya, amma ya gode. Ɗakin ya fashe da dariya, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce na gaba.

An yi godiyar a Michika, an dafa abin da za a dafa. Na je, mahaifiyarta ta riƙe hannuna ta daɗe tana magana da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane. Da na dawo na zauna na ba Baba labarin tun daga farko, da bayanin zif da maɓalli da komai. Shi dama bai taɓa fahimtar abin da nake karantawa ba, yana ganin dai na'urar Turawa ce da za ta cinye min Hausa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato ita kwamfutar ta san bambancin kaya da ƙaya?"

Na ce, "Ta sani, Baba. Ba ta yafe ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai ya mayar da ƙafa kan keke. "To ashe tana da tarbiyya."

Yanzu aikina ke nan, kuma na ga kurakuran laburare iri-iri da suka fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Abin da na riƙe daga shagon Baba bai canja ba. In ja ya cika allo, ina komawa na farko. In idona ya ce abu daidai ne na'ura ta ce a'a, ina sa ta nemo min kalmar da kanta, don ido yana karanta abin da yake tsammani ne. Kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina ya san ba a barin kaya a waje, tare da firojek suke tafiya. Sunan folda kuwa, ni mai faɗa a kan ƙugiya, ba na yarda a sa mata ko ɗaya. Na san yadda abin yake a bakina, ba sai kun faɗa ba.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa, almakashinsa yana wurina. Ƙawata tana aiki a Yola, tana da 'ya'ya, har yanzu mota namiji ne a bakinta. Duk lokacin da za ta wuce gida ta Mubi takan turo min saƙo, kuma kullum iri ɗaya ne: "Ƙawa, ina hanya da ƙaya da yawa, zo tasha ka taya ni." Ƙugiyar farko ta koya daidai. Ta biyun da gangan take sa ta.

Na gyara wa malamai rubutu, na gyara wa shugabannina a wurin aiki, na gyara wa wasunku a nan har kun yi fushi. Wannan ɗaya ce ban taɓa gyarawa ba. Mayafi kawai nake ɗauka in tafi tasha.